Na San Hanyar Gidan Magaji, Amma Na Yi Shiru

Zuwa ga Malam mai filin shawara,

Don Allah ka taimake ni, Malam. Wani abu ya tsaya mini a wuya, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa, ga lokaci ya ƙure. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu.

Ni ban yi boko ba, ban yi allo ba. Maƙwabcina Muhammadu tela ne ke rubuta mini wagga takarda. Musulmi ne, shekara talatin muna cin tuwo akushi ɗaya, kuma na sa ya rantse ba zai gyara mini magana ba. Kowane layi sai ya karanta mini na ji. In ka ga wauta a ciki, tawa ce. Kada ka buga sunana ko na garinmu. Ƙauye ne tsakanin Boɗinga da Shagari, in ka sauka titi sai ka ɗan taka. Sunayen da zan faɗa duk laƙabi ne.

Mu masu bi a nan ba mu da yawa. Gida bakwai ne, sai ɗan sanda ko malamin makaranta in an yo musu canji, da leburorin titi da sunka ƙaru tun da manyan motoci sunka fara zarya zuwa Shagari. Wanda ya kawo ni ga bangaskiya shi ne marigayi Malam Na'Allah. Lokacin ni ɗan dako ne a tasha, ɗan dambe, ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da uku ba. Ya jure ni. Da ya ga ina riƙe Magana a ka in an karanta mini sau biyu, sai wata Lahadi ya ce ni zan tsaya gaban jama'a. Shi kuma ya zauna ƙasa, nan bayan dugadugaina, Littafi buɗe bisa gwiwarsa. In na maƙale sai ya raɗa mini kalma ta gaba, a hankali, ba wanda ke ji. Shekara uku muna haka. Mutane na cewa ɗan dako ya zama malami, shi kuwa bai taɓa gaya wa kowa ba. In na yi kuskure babba, sai ran Litinin a gona zai faɗa mini, muna noma, awa zancen ruwan sama.

Da ya rasu, ni na riƙe jama'a shekara ashirin da biyu. Ni ke buga ƙarfe ran Lahadi, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da munka rataye ga dogon yaro. Ni ke wa'azi, ni ke zuwa suna, ni ke raba faɗan miji da mata, ni ke tsayawa bisa kabari. Ba wanda ya taɓa ba ni ko hula. Wurin da rumfarmu take, da ɗan filin da muke rufe matattunmu, ni na samo su tun Malam Na'Allah na da rai, wurin marigayi Magaji, mahaifin mai garinmu na yanzu. Ka san yadda na samo? Juma'a uku na yi ina zuwa. Ta farko na kai ƙwaryar goro bayan an sauko masallaci, na tuɓe takalmi tun daga bakin durumi, na durƙusa, na yi gaisuwa, na tambayi lafiyar doki da ta gero, na tashi ban ce komai ba. Ta biyu na gaya wa wakilinsa abin da ke tafe da ni, can gefe, don in za a ƙi, a ƙi ba a gaban mutane ba. Ta uku na roƙi aro. Aro, Malam, ba kyauta ba, ba saye ba, don ƙasa ba a ce a ba ka ita. Ya tashi da kansa ya auna mana da taku, anka jera duwatsu. Haka ake yi a nan. Kowane jaki ya san haka.

To bara waccan sai dattawan gunduma a Sakkwato sunka aiko mana da mai bishara, Malam Ɗantani, sa'an ɗana na uku, ya fito makarantar Littafi. Ya zo da keke sabo, da matarsa Atika, da takarda. Anka karanta takardar a gabana. Wai an aiko shi wurin da ba shi da makiyayi. Haka sunka rubuta! To ni shekara ashirin da biyu me nake yi, kiwon zabi? Can ƙasan takardar sunka ce in zama uba gare shi, in nuna mishi gari. Na ce a raina, tun da ba makiyayi, ai ba uba.

Gaskiya dai, tun da Muhammadu na kallona, yaron bai taɓa raina ni ba. Bai taɓa zama kujera ina wurin ba. In ya zo gidana, takalminsa a waje yake bari. Duk Lahadi ni yake kira in rufe da addu'a, kuma in ya yi wa'azi sai ya biyo ni ya ce ina ya kauce. Ni kuwa na ɗauka dabarar 'yan boko ce. Sai in ce ba laifi, in juya.

Bana ɗan filin kaburburanmu ya cika. Sha ɗaya ke kwance ciki. Wata safiya ina fadama ina jan jigo ina ba albasa ruwa, sai ga Ɗantani da takarda, an buga ta da keken rubutu a Sakkwato, har kofi biyu, har hatimi. Ya ce zai kai ofishin ƙaramar hukuma a nemi ƙarin fili, amma ya ga gara ya fara jin ta bakina, ko akwai hanyar da ta fi. Malam, na san abin da zai faru. Na san shi awa na san sunana. Na ce mishi shi ne ya yi makaranta, ya yi abin da anka koya mishi. Ya sake tambaya, ya ce shi baƙo ne, ni na san ƙasa. Na maimaita mishi, na koma ga jigona. Muhammadu ya aje alƙalami ya ce ko na tabbata a rubuta wannan. Na ce rubuta, ai don shi na kira ka.

Ofis sunka yi abin da ya kamata, sunka mayar da takardar ga Magaji na yanzu. Masinja ya kawo ta ran kasuwa, anka karanta ta a zaure cike da mutane. Magaji ba mugu ba ne, amma ka sa kanka a wurinsa. Shekarar zaɓe, motocin jam'iyya na yawo da lasifika, kowa na tsoron a ce wani abu a kansa, sai ga takarda daga hukuma awa mun kai ƙararsa. Ya ce tun da mun san hanyar ofis, mu je ofis su ba mu ƙasa. Ofis kuma sunka ce sai da yardar Magaji. Ni da na ji, ba zan ɓoye maka ba, har tuwo ya fi mini daɗi ranar.

Bayan sati biyar Hasiya ta rasu. Hasiya matar Malam Na'Allah ce. Ita ta yi mini wanki ina gwauro, ita ta nemo mini aure. Abu guda ta roƙe ni a duniya, in kwantar da ita kusa da mijinta. Kuma akwai wurin, Malam, taku biyu ne bayan duwatsu, kalma ɗaya ta Magaji ta isa. Ba fuskar da za mu je da ita. Ga zafin bazara, gawa ba ta jira. Ga wahalar mai, ba motar haya. Da ƙyar wani direba mai kai albasa Sakkwato ya yarda ya ɗauke mu. Anka ɗora Hasiya bisa buhunan albasa. Ɗantani ya sa ni gaba kusa da direba don gwiwata, shi ya hau baya. Duk hanya ina leƙensa ta madubi. Ya rungume makarar da hannu biyu kada ta gangara, ya tuɓe rigarsa ya yi mata inuwa, rana na cin bayansa. Munka rufe ta a Sakkwato cikin baƙi, wurin da ko ni ba zan gane kabarin ba in na koma.

Ran Lahadi na shirya. Na ce yau Ɗantani zai tona ni, na kuma tanadi abin da zan mayar. Ya tashi gaban jama'a ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, ya zo garin mutane bai koyi yadda ake shiga ƙofarsu ba, a gafarta mishi. Sai ya zauna. Bai ko dubi inda nake ba. Har yau ba wanda ya san ya tambaye ni sau biyu, ko Atika ban yi zaton ta sani ba, don har gobe tana aiko mini da kunu.

Washegari ya same ni ina ware albasa, mai kyau zuwa rudun da muke ajiyarta, mai tabo zuwa kasuwa. Ya zauna ya taya ni, bai iya ba, yana haɗa mini ruɓaɓɓa da lafiyayya. Sai ya ce in koya mishi gaisuwar fada. Shaiɗan ya raɗa mini wani abu. Na kifa turmi a ƙofar gida, na hau, na ce ni ne Magaji. Na sa shi ya koma can bakin rijiya ya tuɓe takalmi, ya taho ya durƙusa ya ɗaga hannu. Na ce ya yi sauri. Ya sake. Na ce ya dube ni cikin ido. Ya sake. Na ce muryarsa awa mai tallan kalanzir. Mata masu ɗiban ruwa sunka tsaya suna dariya, Muhammadu ya leƙo daga shago yana cewa in ji tsoron Allah, wane irin Magaji ne wannan da tsagaggen turmi. Sau goma sha ɗaya na sa shi. Gwiwar wandonsa ta yi baƙi. Da ya gama ya yi mini godiya, shi ma yana dariya, ya ce gobe wane lokaci. Don in kunyata shi na yi, Malam, amma ni na shiga gida da kunya. Ban taɓa ganin mutum irin wanga ba, in ba Na'Allah ba.

Ga abin da ya kawo ni. Labari ya kai Sakkwato. Dattawa sun kira zama Asabar ta ƙarshen watan gobe. An ce za su sauke Ɗantani daga aiki ya koma garinsu, don ya ɓata tsakaninmu da mai gari, su mayar mini da jama'a kafin a samo wani. Sun kira ni shaida, kuma na ji tambayar da za su yi ita ce ko ya nemi shawarata. Shi ya ƙi faɗa musu komai. In na ce ban tuna ba, an gama. Ƙarfena ya dawo hannuna.

Ka gaya mini, ba su ne sunka fara ba? Wa ya ce ba makiyayi? Ni na rubuta takardar ofis? Babba da ni, da furfura, in tsaya gaban mutanen da sunka share ni in ce na yi ƙeta? Ɗiyana su ji? Muhammadu ya ce na san amsa, so nake wani ya faɗa mini da tawada. Shi dai bakinsa ba ya gajiya. Amma tun ranar motar albasar nan, in na ji ƙamshin rudu sai in tuna Hasiya. Kuma na kusa saba'in da biyar, na fara tunanin ni wace mota za ta ɗauke ni.

Naka cikin Ubangiji,
Tsoho Mai Buga Ƙarfe

*

Baba Mai Buga Ƙarfe,

Allah ya ƙara maka lafiya. Na bar maganarka yadda ka faɗe ta, kuma saboda lokaci na aika maka da wannan amsa ta hannun wani ɗan'uwa tun kafin a buga ta. Ka gaishe mini da Malam Muhammadu. Ka yi dace da maƙwabci.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Dattawa sun yi maka laifi. Mutumin da ya riƙe jama'a shekara ashirin da biyu, ya yi suna, ya yi jana'iza, ya samo musu wurin sujada da gwiwarsa, ba a rubuta cewa wurinsa ba makiyayi. Mai yiwuwa abin da suke nufi shi ne ba wanda aka horar a makaranta, amma ba haka suka rubuta ba, kuma ba su zo sun gode maka ba. Ciwon nan na gaske ne. Shi ma Malam Ɗantani ba na wanke shi tas. Da ya ga amsarka ba ta fito daga zuciya ba, ya kamata ya riƙe takardar ya tambayi wani. Rufa maka asiri da yake yi yanzu kuma, ko da yake ƙauna ce, ya bar dattawa suna shirin yanke hukunci a kan rabin labari.

Amma Baba, dattawa ne suka yi maka laifi, ka rama a kan Ɗantani, abin ya faɗa kan Hasiya. Ita me ta rubuta?

Ka ce ba ka yi makaranta ba. Ni na ce ka yi, kuma a hannun gwani. Malam Na'Allah ya fi ka sani nesa ba kusa ba, amma ya zauna a ƙasa bayan dugaduganka, ya bar mutane suna yabonka da abin da yake raɗa maka. Tarbiyya cikin Almasihu ke nan: wanda ya sani ya sunkuya don wanda bai sani ba ya miƙe. Ubangijinmu da kansa ya durƙusa ya wanke ƙafafun waɗanda yake koyarwa, kuma bai ragu da komai ba. An yi maka wannan shekara uku. Da Allah ya kawo naka ɗan, ya tsaya a bakin fadamarka ya ce shi baƙo ne, sai ka hana shi raɗar.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarka shi ne, ka zauna ka rubuto ƙarar mutum, sai ka ƙare da yabonsa. Rigarsa a kan makara, gwiwar wandonsa, dariyarsa bayan sau goma sha ɗaya, duk kai ka gaya mini, ban tambaye ka ba. Mutum mai takardar makaranta da zai durƙusa wa tsagaggen turmi a gaban mata masu ɗiban ruwa don jama'arsa su sami inda za su kwanta, ba a sauke irinsa. Ikilisiya tana neman irinsa da fitila. Kuma ka lura, ranar turmin nan, duk da mugun nufinka, abin da ka koya masa daidai ne. Ka riga ka fara aikin da aka ba ka tun bara waccan. Saura ka yi shi da zuciya ɗaya.

Ga shawarata. Kada ka jira Sakkwato. Gobe ka je gidansa, kai ne za ka bar takalmi a waje wannan karon. Ka gaya masa ka san abin da takardar za ta jawo, ka yi shiru da gangan, ka roƙi gafararsa. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, ya riga ya sani. Ka kuma gaya wa 'ya'yanka da bakinka kafin su ji a wani wuri. Za su ji nauyi kwana biyu, amma za su daɗe suna ba jikokinka labarin.

Daga nan ku nufi gidan Magaji. Na duba kalanda, akwai Juma'a fiye da uku kafin zaman dattawa. Juma'ar farko kai ne gaba, shi yana bayanka da goro, ku ba da haƙuri kawai, kada ku ambaci fili. Ta biyu ku ga wakili tare. Ba zan yi maka alkawarin Magaji zai sauko da wuri ba, an taɓa mutuncinsa a gaban jama'arsa, kuma yana da ikon ɗaukar lokaci. Amma ɗan mutumin da ya auna muku ƙasa da takunsa zai gane gaisuwa in ya gan ta.

A gaban dattawa kuma, ka amsa abin da aka tambaye ka: ya nemi shawara sau biyu, ka hana shi. Bayan ka gama wannan, ba kafin ba, ka gaya musu abin da takardarsu ta yi maka. Mutumin da ya fara da laifin kansa, ana sauraronsa in ya zo kan na wasu. Ƙarfen kuwa, ban ga inda Ɗantani ya taɓa karɓe shi daga hannunka ba. Ka ci gaba da bugawa.

Ka tambayi wace mota za ta ɗauke ka. Baba, filin da kuke nema, in Allah ya yarda, kai ma a cikinsa za ka kwanta, kusa da Malam Na'Allah. Ranar nan wani zai tsaya a kan kabarinka ya yi wa jama'a magana. Ka riga ka ga yadda wani yake riƙe makara. Kada ka bari a kore shi.

Saboda haka ran Juma'a ta uku, in lokacin roƙon aro ya yi, ka tura shi gaba shi ya yi magana. Kai ka zauna ƙasa bayan dugadugansa. In ya maƙale, ka san abin yi.

Allah ya ji ƙan Hasiya, ya sanyaya zuciyar Magaji, ya ba gwiwarka ƙarfin durƙuso, ya kuma bar ku tare, kai da ɗanka, shekaru masu yawa.

Ɗanka cikin Ubangiji,
Malam Ɗanjuma